Sharhi a kan django-model-utils: Azuzuwan Tushe da Iyakar Nauyin da Za Su Iya Ɗauka

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar ajiye bayanan kasuwanci da Django, wato tsarin gina manhajojin intanet da harshen Python, ya san cewa akwai gurabe da ba sa rabuwa da kowane tebur: ranar da aka shigar da bayani, ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, matsayin da yake ciki, da alamar ko an soke shi. Manhajar makarantar kuɗi ce a Ƙofar Ƙaura, ko ta kantin magani, ko ta dillalin taki a babbar kasuwar Katsina, waɗannan gurabe suna nan, kuma mai rubuta su da hannu a kowane aji, wato rubutun da ke fayyace guraben tebur, zai gaji, sannan wata rana zai rubuta ɗaya daban da sauran ba tare da ya lura ba. Kundin django-model-utils ya tattara su ne a cikin azuzuwan tushe, ta yadda ajin da ke wakiltar manomi ko rasit ko buhun kaya zai gaje su kawai. Carl Meyer, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a kan Django kansa, shi ne ya fara rubuta shi, daga baya kulawarsa ta koma hannun Jazzband, ƙungiyar masu sa kai da aka kafa don riƙon kundaye irin wannan. Kyauta ne, yana ƙarƙashin lasin BSD, ana sauke shi da pip, manhajar sauke kundayen Python, kuma ba ya buƙatar a saka sunansa a jerin manhajojin aikin kafin a fara amfani da shi.

Ma'aunin da na auna shi da shi manhaja ce ta wani dillalin taki da iri da maganin feshi a cikin birnin Katsina, wanda yake ba manoma kaya bashi a farkon damina su biya da kaka, kuma yana da wakilai da ke zagaya ƙauyukan Batagarawa da Rimi da Charanchi. Irin wannan aiki yana fito da ƙarfi da raunin kundi da wuri, domin kowane layi a cikin tebur kuɗin wani ne.

Ya kamata a fara fahimtar irin gadon da ake magana a kai. Azuzuwan wannan kundi ba su da teburin kansu a rumbun bayanai, domin an yi musu alamar abstract, abin da ke sa Django ya kwafi gurabensu zuwa teburin kowane aji da ya gaje su. Amfanin haka shi ne babu haɗa tebura biyu a lokacin neman bayani, saboda haka saurin aiki ba ya raguwa. Wahalarsa kuma ita ce duk ranar da aka sauya wani abu a ajin tushe, sai kowane tebur da ya gaje shi ya sami nasa sauyin tsari, ko da tebura arba'in ne. Wannan ba laifin kundin ba ne, haka Django yake, amma yana nufin zaɓen ajin tushe shawara ce da ake zama da ita shekaru.

TimeStampedModel shi ne abin da ya fi jawo mutane zuwa kundin, kuma ya cancanci hakan. Yana ba da gurabe biyu, created da modified, yana cika su da kansa. Mai karatu zai iya cewa Django yana da auto_now_add da auto_now waɗanda ke yin wannan aiki tun da daɗewa, kuma gaskiya ne, sai dai akwai bambanci guda da yake da muhimmanci ga duk wanda zai kwashe tsofaffin littattafan shago zuwa kwamfuta. Gurbin da aka sa wa auto_now_add yana watsi da duk ranar da aka ba shi, ya sa ta yanzu, alhali created na wannan kundi ranar yanzu ce kawai yake ɗauka idan ba a ba shi wata ba. Da aka zo shigar da basussukan daminar da ta gabata daga littafin dillalin, an iya ba kowane layi ainihin ranar da aka rubuta shi a takarda ba tare da wata dabara ba. Haka kuma idan aka ajiye wasu gurabe kaɗai ta hanyar update_fields, sababbin fitowar kundin suna ƙara modified a ciki da kansu, wanda ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa idan mutum ya rubuta nasa.

Akwai iyaka da ya wajaba a sani. Idan aka sauya layuka da yawa a lokaci ɗaya da update, misali aka ɗaga farashin duk buhunan yuriya, Django ba ya bi ta hanyar save, don haka modified zai ci gaba da nuna tsohuwar rana. Duk rahoton da ya dogara da wannan gurbi don gano abin da ya sauya tun jiya zai tsallake waɗannan layuka, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Maganin shi ne a sa modified a cikin umarnin da hannu. Sannan created ranar shigar bayani ce, ba ranar ciniki ba. Wakilin da ya ba da kaya a ƙauye ranar Talata, bai sami intanet ba sai Juma'a, cinikinsa na Talata ne, kuma wannan rana tana buƙatar gurbinta daban mai suna a fili. Na ga manhajoji da dama da suka ɗora lissafin ciniki na rana a kan created, kuma suna tafiya lafiya ne kawai muddin duk wanda ke shigar da bayani yana zaune a gaban kwamfutar shago.

Batun wakilai ne ya sa UUIDModel ya yi mini amfani fiye da yadda na zata daga aji mai gurbi ɗaya tak. Yana maye gurbin lambar shaida mai hawa ɗaya bayan ɗaya da lamba mai tsawon bit 128 da ake samarwa ba bisa jeri ba, kuma ba sai an jira rumbun bayanai ya ba da ita ba. Wakilai biyu da ke wurare daban, kowa da wayarsa babu sabis, za su iya yi wa manoma rajista, su haɗa kowane manomi da kayan da ya karɓa, sannan su tura gaba ɗaya idan sun shigo gari ba tare da lambobinsu sun yi karo ba. A nan kundin ya taɓa ainihin abin da Eric Evans ya bayyana a littafinsa na 2003 a kan tsara manhaja bisa fagen aikinta, wato bambanci tsakanin abin da ake gane shi da shaidarsa da abin da ake gane shi da ƙimarsa. Manomi yana nan a matsayin mutum ɗaya ko ya sauya lambar waya, ko ya ƙaura daga Rimi zuwa Katsina, amma naira dubu hamsin daidai take da kowace naira dubu hamsin. Django yana kwatanta abubuwa biyu na aji ɗaya ta lambar shaidarsu, kuma abin da ba a ajiye ba tukuna ba shi da lamba, sai dai idan irin wannan ce da ake haihuwarsa da ita.

Aibinta biyu ne. Ba wanda zai karanta wa manomi haruffa da alƙaluma 32 a waya, saboda haka rasit yana buƙatar gajeriyar lamba ta daban da mutane za su iya faɗa. Kuma a cikin nau'o'in rumbun bayanai, PostgreSQL yana da nau'in gurbi na musamman dominta, yayin da a MySQL Django yake ajiye ta a matsayin rubutu mai haruffa 32, abin da ke ƙara wa fihirisa nauyi idan tebur ya girma. Ga shago ɗaya wannan ba abin damuwa ba ne.

Inda na fi samun saɓani da kundin shi ne SoftDeletableModel, kuma a nan zan daɗe. Manufarsa mai kyau ce: idan aka ce a goge bayani, ba ya fita daga tebur, sai dai a kunna gurbin is_removed, kamar yadda mai shago yake jan layi a kan suna a littafin bashi ba tare da ya yage shafin ba. Ana ganin waɗanda ba a soke ba ta available_objects, ana ganin kowa da kowa ta all_objects, kuma wanda yake son gogewa ta gaske sai ya faɗa a fili da soft=False. Rasit ɗin da ke nuni ga manomin da aka soke yana ci gaba da samun sunansa, wanda daidai ne.

Matsalar ta bayyana ne wata rana bayan la'asar a shagon, lokacin da ake tsakiyar rabon taki kuma masu kura suna jiran a sallame su. Wani manomi ya zo karɓar buhu huɗu, akawun shagon ya nemi sunansa bai gani ba, sai ya fara yi masa sabuwar rajista da lambar wayarsa. Fom ɗin ya karɓa, amma da ya danna ajiyewa sai shafin kuskure ya fito. Mai shagon ya leƙo daga kan kujerarsa ya ce, "Malam, mutumin nan tun bara yake karɓar kaya a wajena, ya za a ce ba ya ciki?" Na ce, "Alhaji, yana ciki, an dai soke shi ne, shi ya sa ba ya fitowa." Ya ce, "To wa ya soke shi, kuma yaushe?" Ga wannan tambaya kundin ba shi da amsa, domin is_removed e ko a'a ne kawai, ba ya riƙe rana, ba ya riƙe sunan wanda ya danna, ba ya riƙe dalili.

Abin da ya faru a ƙarƙashi shi ne gurbin lambar waya an sa masa sharaɗin kada ya maimaitu. Fom ɗin Django yana duba maimaici ta manajan da aka sa a gaba, wato ƙofar da Django yake bi ya ɗauko layukan tebur, wanda yake ɓoye waɗanda aka soke, don haka bai ga kowa ba, amma rumbun bayanai yana ganin duk layukan, sai ya ƙi. Gyaran da ya dace shi ne UniqueConstraint mai sharaɗi, wanda ya zo a Django 2.2 a shekarar 2019, a ce lambar kada ta maimaitu a tsakanin waɗanda ba a soke ba kaɗai. Wannan yana aiki a PostgreSQL da SQLite, amma MySQL ba ya goyon bayan fihirisa mai sharaɗi, kuma shi ne ake yawan samu a masaukin intanet mai araha da ƙananan 'yan kasuwa suke iya biya. Wanda zai zaɓi wannan aji ya fara sanin inda manhajarsa za ta zauna.

Ba nan ya tsaya ba. Sokewar ba ta gangarawa zuwa abubuwan da ke rataye da wanda aka soke, saboda haka manomi yana ɓacewa daga jeri alhali bashinsa yana nan cikin jimillar abin da ake bin mutane, sai lissafin shafi biyu ya ƙi haɗuwa. Ta ɗaya gefen kuma, idan aka goge uba, misali manomi, gogewa ta gaske kuma dangantakar tana kan CASCADE, wato tsarin goge duk abin da ke rataye da shi, Django yana kwashe 'ya'yan daga tebur kai tsaye ba tare da ya kira delete na kowannensu ba, wato rasit ɗin da aka zaci yana da kariya zai tafi ba dawowa. Akwai kundin django-safedelete da aka gina musamman don irin waɗannan dangantaka, kuma wanda sokewa ta zama ginshiƙin aikinsa gara ya duba can. Ra'ayina a kan bayanan kuɗi ya fi haka tsauri: rasit da biyan bashi ba a soke su ta kowace hanya, ana rubuta wani layi ne da ke warware na farko, da sunan wanda ya yi da dalilinsa, a sa PROTECT, mai hana goge abin da wani layi yake rataye da shi, a kan dangantakar. Manomin da ya daina hulɗa da shago kuwa ba gogagge ba ne, matsayinsa ne ya sauya, kuma gurbin matsayi ne ya kamata ya faɗi haka.

Akwai kuma ɓangaren doka, wanda ba a cika tunawa da shi ba a ƙananan ayyuka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa a wasu yanayi, kuma layin da aka ɓoye da is_removed, da sunan mutum da lambar wayarsa da ƙauyensa, ba a goge shi ba.

StatusModel ya fi wannan lafiya, amma shi ma ya yi alkawarin da ya fi abin da yake cikawa. Ana ba shi jerin matsayi a ƙarƙashin sunan STATUS, misali an nema, an amince, an ba da kaya, an biya, sai ya samar da gurbin status da na status_changed mai riƙe lokacin sauyi na ƙarshe, ya kuma ƙirƙiri manaja ga kowane matsayi. Rubutun yana fitowa da tsabta, kuma sanin tun yaushe takarda take jiran amincewa abu ne da mai shago yake tambaya kullum. Abin da ba ya yi shi ne tsare hanyar da ake bi daga matsayi zuwa matsayi. Babu abin da zai hana a ɗauke bashi daga an nema zuwa an biya ba tare da kaya sun fita ba, ko a mayar da wanda aka biya baya. Hasali ma Django ba ya duba ko ƙimar tana cikin jerin a lokacin save, sai a fom ko idan an kira full_clean. Dokar kasuwancin, wato ba a ba da kaya sai Alhaji ya amince, ba a ba wanda bai biya na bara ba sai da mai tsaya masa, dole mai rubutu ya zauna ya rubuta ta a matsayin ayyukan ajin, ya hana sauran manhajar taɓa gurbin kai tsaye. Ajin Choices da kundin ya zo da shi ya yi amfani ƙwarai a da, amma tun da Django 3.0 ya kawo TextChoices a Disambar 2019 buƙatarsa ta ragu.

Wani abin lura shi ne azuzuwan ba su san juna ba. Idan aji ɗaya ya gaji StatusModel da SoftDeletableModel tare, manajojin matsayi suna tace layuka ne bisa matsayi kaɗai, saboda haka waɗanda aka soke za su fito a cikinsu. Haka nan idan iyaye biyu kowanne yana da Meta, wato sashen saitunan aji, na farko kaɗai Django yake ɗauka sai an haɗa su da hannu. Al'adar da ta yaɗu ta tara duk azuzuwan a cikin uban aji guda, a sa kowane tebur ya gaje shi, ita ce take haifar da yawancin wannan rikici, domin teburin ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina ba ya buƙatar matsayi ko sokewa, kuma ba shi da dalilin ɗaukar su.

FieldTracker ba ajin tushe ba ne, ana liƙa shi ne a jikin aji, amma a wurina shi ne abu na biyu mafi daraja a kundin. Yana tuna ƙimar da gurbi yake da ita lokacin da aka ɗauko shi daga rumbu, ta yadda kafin ajiyewa za a iya tambayarsa ko farashi ya sauya da has_changed, a kuma ga tsohon da previous, ba tare da an sake komawa rumbun ba. Da shi aka sa manhajar ta rubuta layi a teburin tarihi duk lokacin da wani ya taɓa farashin buhu ko iyakar bashin manomi, da tsohuwar ƙima da sabuwa da sunan ma'aikacin. Sai dai a tuna cewa ƙwaƙwalwarsa ta ɗan lokaci ce: da an ajiye ya manta, ba ya ganin sauyin da wani ma'aikaci ya yi a wata kwamfuta a daidai wannan lokaci, kuma update yana wuce shi kamar yadda yake wuce modified. Mai son cikakken tarihin kowane layi django-simple-history ne abin nemansa.

TimeFramedModel yana ba da ranar farawa da ta ƙarewa, da manajan da ke fito da abin da lokacinsa yake ci yanzu, kuma ya dace da farashin da aka yanka na wata damina, amma ba ya hana farashi biyu su hau kan juna a rana ɗaya. InheritanceManager yana taimaka wa wanda ya raba biyan kuɗi zuwa tsaba da taransifa da na POS a tebura daban masu gadon tebur guda, ya dawo masa da kowanne a ainihin nau'insa. Yana aikinsa, amma da haɗa tebura yake yi, kuma ga bambanci ƙarami irin wannan gurbi ɗaya mai faɗin hanyar biya ya wadatar.

Abin da babu shi sam a kundin shi ne ɓangaren abubuwa masu ƙima. Babu aji na kuɗi da zai riƙe naira da kwabo ya hana a haɗa su da sefa, abin da mai ciniki da 'yan Maraɗi ta Jibiya zai so, kuma don wannan sai a nemi django-money. Babu na ma'auni da zai san cewa buhun taki kilo 50 ne, kwalbar maganin feshi kuma da lita ake lissafinta. Babu kuma wata hanya ta cewa rasit da layukansa abu ɗaya ne da ba a taɓa ɓangarensa sai ta ƙofa guda. Wanda ya zo daga C# ko Java yana neman azuzuwan tushe masu raba dokar kasuwanci da rumbun bayanai ba zai same su a nan ba, domin a Django aji da tebur a haɗe suke, kuma kundin bai yi iƙirarin sauya hakan ba.

Bayanan amfani da shi da Ingilishi suke, gajeru ne, misalansu suna aiki, amma sun fi faɗin abin da kowane aji yake yi a kan abin da ba ya yi. Abin da ya rage wannan rashi shi ne kundin ƙarami ne: fayil ɗin da ke ɗauke da azuzuwan tushe gaba ɗaya ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman zai karance shi a zama ɗaya, kuma ina ba da shawarar a yi hakan kafin a gaji ko ɗaya daga cikinsu. A manhajar dillalin, TimeStampedModel yana kan duk teburan ciniki, UUIDModel yana kan abin da wakilai suke shigarwa daga ƙauye, FieldTracker yana kan farashi da iyakar bashi, SoftDeletableModel kuwa an cire shi daga manoma da rasit, an bar shi a teburin sunayen kaya kaɗai, inda ɓoye nau'in irin da aka daina sayarwa ba ya taɓa lissafin kowa.